Turke da tsawon igiya: yadda muke maimaita wurare ba tare da maimaita ranaku ba

Watannin baya na yi wani abu da ban taɓa yi ba. Na samo ƙaramin littafi na riƙa rubuta duk inda na sa ƙafa, tun daga fitowata da safe har komawata gida da dare, tare da lokacin da na tashi, da abin da na hau, da dalilin zuwan. Abin da ya jawo haka gardama ce da muka yi da wani abokin aikina, wanda ya ce da za a ba shi takarda da alƙalami zai zana mini zirga-zirgata ta mako guda ba tare da ya tambaye ni komai ba, domin a ganinsa ni mutum ne da ba ya sauya hanya. Ni kuwa na musa, saboda a raina ina jin babu ranar da take kama da 'yar uwarta. Na yi mako shida ina wannan rubutu, kuma da na zauna na karanta abin da na tara, sai na ga kowannenmu ya kama ɓangare ɗaya ne na maganar ya riƙe.

Gaskiyarsa ita ce wuraren da nake zuwa kaɗan ne ƙwarai, har abin ya ba ni kunya. Gida, wurin aiki, wurin ibada, kantuna biyu ko uku, gidajen wasu 'yan uwa, da wani wuri da nake tsayawa idan na gaji, su ne suka cinye kusan dukkan shafukan. Tawa gaskiyar kuma ita ce, da na jera ranakun aiki gefe da gefe, da ƙyar na sami biyu da suka zo daidai daga farko har ƙarshe. Yau na biya kanti kafin aiki, gobe bayan aiki, jibi ban biya ba sam. Wata rana na koma gida da rana na sake fita, wata rana na wuce kai tsaye gaishe da marar lafiya. Wuraren dai su ne ba su sauya ba, amma yadda ake jera su a kan zaren yini kullum daban yake. Daga baya na fahimci cewa masu nazarin sufuri da tsarin birane sun shafe fiye da shekara hamsin suna kai-kawo a kan wannan batu, kuma abin da na gani a littafina sun riga sun gan shi a rayuwar dubban mutane.

Wanda ya fara ba wa maganar siffa mai kyau shi ne Torsten Hägerstrand, masanin labarin ƙasa a jami'ar Lund da ke Suwidin. A shekarar 1970 ya ja hankalin abokan sana'arsa cewa sun shagala da ƙirga jama'a a dunƙule har sun manta da mutum ɗaya, wanda jiki ɗaya gare shi, ba ya iya kasancewa a wuri biyu a lokaci guda, kuma kowace tafiya tana cin wani abu daga awa 24 da yake da su. Ya kasa abubuwan da ke ɗaure mutum kashi uku. Akwai na jiki da abin hannu, kamar buƙatar barci da saurin abin hawan da mutum ya mallaka. Akwai na haɗuwa, wato dole ka kasance a wani wuri a daidai lokacin da wasu mutane ko kayan aiki suke can. Akwai kuma na iko, kamar lokacin buɗe ofis da rufe shi, ko wurin da ba kowa ake bari ya shiga ba. Ni idan ina tunanin wannan bayani, dabbar da aka ɗaure a turke nake hangowa. Gida turke ne, wurin aiki ko makaranta turke ne na biyu, lokacin da ya rage tsakaninsu kuma shi ne tsawon igiya. Wanda zai tashi aiki ƙarfe biyar kuma dole ya ɗauko yaro kafin shida, duk zaɓin da yake da shi a wannan awar yana cikin da'irar da igiyarsa za ta kai, kome yawan wuraren da ke cikin birnin.

Tsawon igiyar ma, idan aka auna shi da lokaci, bai cika bambanta ba. Yacov Zahavi a shekarun 1970, da Cesare Marchetti a 1994, sun nuna cewa a matsakaici mutane kan kashe abin da ya kai awa ɗaya a kan hanya kowace rana, ko da ƙafa suke tafiya ko a mota. Wanda ya sami abin hawa mai sauri yakan ƙara nisan tafiya ne maimakon ya rage lokacinta. Matsakaici ne dai, kuma akwai masu shafe fiye da haka nesa ba kusa ba a kan hanya, amma ya isa ya nuna cewa da'irar kowa tana da iyaka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken da aka yi a birnin Uppsala, shi ma a Suwidin, a shekarar 1971. An roƙi magidanta su rubuta kowace fita da suka yi na tsawon kwana 35 a jere, abin da ba a saba yi ba a lokacin, domin yana da tsada kuma yana gajiyar da masu amsawa. Susan Hanson da James Huff sun yi shekaru suna tona waɗannan bayanai a shekarun 1980, suna neman abin da kowa ya ɗauka akwai shi, wato ranar da ta zama samfurin rayuwar mutum, wadda idan ka gan ta ka ga sauran. Ba su same ta ba. Sun tarar da wasu tsaye-tsaye da ke dawowa a kai a kai a rayuwar kowane mutum, amma ko ranar da ta fi kowace kama da sauran ranakunsa, kamannin nata da su kaɗan ne. Mutum ɗaya yakan kasance da salon yini fiye da ɗaya da yake juyawa a tsakaninsu, sa'an nan ga wasu ranaku da ba su shiga kowane salo ba. A 1999 aka sake irin wannan aiki a biranen Karlsruhe da Halle na Jamus, inda mutane fiye da 300 suka rubuta tafiye-tafiyensu na mako shida, kuma sakamakon ya tafi a kan layi guda: ranakun aiki sun fi ranakun hutu kama da juna, wurare ƙalilan ne ke ɗauke da mafi yawan tafiye-tafiye, amma har zuwa makon ƙarshe mutane ba su daina zuwa wuraren da ba su je ba a makonnin baya.

Wani zai ce mene ne amfanin wannan tone-tone, tun da kowa ya san ranaku ba ɗaya ba ne. Amfanin yana fitowa ne idan aka duba yadda ake tsara hanyoyi da layukan motocin haya. Tun daga manyan binciken da aka yi a biranen Detroit da Shikago na Amurka a shekarun 1950, hanyar da aka fi bi ita ce a zaɓi gidaje masu yawa, a tambayi kowa inda ya je a rana ɗaya tak, sa'an nan a ɗauki wannan rana a matsayin hoton rayuwar birnin. Idan adadin motocin da za su bi wata gada ake son sani, wannan ya wadatar. Matsalar tana zuwa ne idan ana son sanin su wane ne mutanen. A matsayin misali kawai, a ce an tarar mutum ɗaya cikin biyar ya hau bas a ranar binciken. Wannan yana iya nufin akwai wani rukuni, kashi ɗaya cikin biyar na jama'a, da kullum bas suke hawa, sauran kuma ba su taɓa kusantar ta ba. Yana kuma iya nufin kowa da kowa yana hawa, amma sau ɗaya a cikin kwana biyar. Lissafin rana ɗaya ba zai bambance waɗannan birane biyu ba, alhali kuwa abin da ya kamata hukuma ta yi a cikinsu ya sha bamban. A na farko sai an shawo kan mutanen da ba su san bas ba, wanda aiki ne mai wuya. A na biyu kuwa mutane sun riga sun san tashar da lokacin tashi, abin da ake nema kawai shi ne ranar ta zama biyu. Eric Pas na cikin waɗanda suka dage a kan wannan a shekarun 1980, yana nuna cewa wani babban kaso na bambancin da ake gani tsakanin mutane, a haƙiƙa bambanci ne tsakanin ranakun mutum ɗaya.

Da wayar salula ta yaɗu, sai binciken ya sauya kama baki ɗaya, domin ba sai an roƙi kowa ya riƙe littafi ba. Duk kiran da aka yi yana barin alamar turken sadarwar da ya bi ta kansa, wato dogon ƙarfen da ke ba wayoyi sabis a yanki. A 2008 Marta González da César Hidalgo da Albert-László Barabási suka wallafa nazarin bayanan mutum 100,000 na tsawon wata shida, ba tare da sunayensu ba, inda suka ga cewa yiwuwar mutum ya koma wurin da aka gan shi tana hauhawa bayan awa 24, da 48, da 72, kamar bugun agogo. Bayan shekara biyu Chaoming Song da abokan aikinsa suka ɗauki mutum 50,000 na wata uku suka tambayi kansu: idan aka san tarihin zirga-zirgar mutum, har zuwa wane mataki za a iya cewa ga inda zai kasance a awa mai zuwa? Amsar da suka samu ita ce kashi 93 cikin 100 a matsakaici, kuma ba su ga wanda ya gaza kashi 80 ba. Abin mamakin shi ne masu tafiya mai nisa ba su fi masu zama kusa da gida wuyar hasashe ba sosai.

Da abokin aikina ya ji wannan adadi sai ya ɗauka gardama ta ƙare, amma ni ina ganin adadin yana buƙatar a karanta shi da hankali. Iyakar abin da zai yiwu ne aka lissafa, ba abin da wani ya yi hasashe ya dace ba. Kuma a cikin awannin da aka ƙirga akwai na barci da na zaman wurin aiki, waɗanda ba sai an yi duba ba a san inda mutum yake. Bugu da ƙari, turken sadarwa ɗaya yana iya rufe unguwa guda, ta yadda wanda ya shiga kanti uku daban-daban a ƙarƙashinsa zai bayyana kamar bai motsa ba. Ragowar da ba a iya hasashenta ƙarama ce a ma'aunin awanni, amma a cikinta ne mutum yake yanke shawara: ina zan saya, wa zan ziyarta, ta ina zan bi. Waɗannan ƙananan zaɓe-zaɓe su ne ke raya wani titi su kashe wani.

A nan ba zan wuce ba sai na faɗi abin da ya sosa mini rai, ko da yake gefen maganar ne. Irin wannan maimaici da ke sauƙaƙa mana rayuwa shi ne kuma yake tona mana asiri. A 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka duba bayanan waya na mutum miliyan ɗaya da rabi da aka cire wa sunaye, suka nuna cewa sanin wuri da lokaci sau huɗu kacal ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen, kowa shi kaɗai. Kowa yana da turakunsa, kuma da wuya a sami mutum biyu da suka haɗa duka.

Komawa ga batun, binciken da ya fi dacewa da abin da na gani a littafina shi ne na Laura Alessandretti da abokan aikinta, wanda ya fito a 2018. Sun bi sawun mutane kusan 40,000 na tsawon lokaci, wasu har fiye da shekara, suka tarar cewa a kowane lokaci mutum yana da wurare kimanin 25 da yake komawa a kai a kai. Jerin wuraren yana sauyawa a hankali, domin mutum ba ya daina gano sababbi, amma adadin ba ya ƙaruwa: idan sabon wuri ya sami shiga, wani tsoho yakan fita. Sun kuma ga cewa masu yawan hulɗa da jama'a sukan fi yawan wurare. Wannan ya tuna mini wurare da dama da a dā ba na yin mako ban je ba, waɗanda yanzu na yi shekaru ban leƙa ba. Ba mu yi faɗa da kowa ba, ban kuma taɓa zama na yanke shawarar dainawa ba. Wani wuri ne ya maye gurbinsu ba tare da na lura ba. Akwai ma binciken Christian Schneider da abokan aikinsa na 2013, da ya yi amfani da bayanan Faris da Shikago, wanda ya nuna cewa idan aka zana yinin mutum a matsayin ɗigo-ɗigo da layukan da ke haɗa su, siffofi 17 kacal sun ƙunshi kusan kashi 90 cikin 100 na ranakun jama'a. Ga siffofi kaɗan, ga wurare kaɗan, amma haɗa wannan da wancan yana haifar da ranaku masu yawa da ba su kama da juna.

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa muke manne wa wuri ɗaya ko hanya ɗaya alhali akwai wasu. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a cikin maganar akwai zargi, kamar mai sabo ya bar hankalinsa a gida. Ni dai ban yarda da zargin gaba ɗaya ba. Neman sabon wuri yana da farashi da ba a biya da kuɗi: lokacin da za ka ɓata kana nema, haɗarin ka je ka tarar an rufe, rashin sanin inda za ka ajiye abin hawa, da rashin wanda ya san fuskarka idan wani abu ya taso. Wurin da ka saba ka riga ka biya duk wannan tun tuni. Herbert Simon, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1978, ya bayyana tun a shekarun 1950 cewa ɗan Adam ba ya auna dukkan zaɓuɓɓuka ya ɗauki mafi kyau, yakan tsaya ne a kan na farko da ya biya masa buƙata. Da mutum zai zauna kowace safiya ya sake lissafin hanyoyin zuwa aiki daga tushe, da ya gaji tun kafin ya fita. Sabo yana 'yantar da tunani ya tafi ga abin da ya fi muhimmanci, kuma hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara.

Sai dai akwai inda zargin ya zauna daram, kuma abin da ya faru a Landan ya nuna shi ƙarara. A watan Fabrairu na 2014 ma'aikatan jiragen ƙarƙashin ƙasa suka tafi yajin aiki na kwana biyu, aka rufe wasu tashoshi aka bar wasu a buɗe. Wannan ya raba fasinjoji gida biyu ba da niyyar kowa ba: waɗanda tilas ta sa suka nemi wata hanya, da waɗanda yajin bai taɓa tasu ba. Masana tattalin arziki uku, Shaun Larcom da Ferdinand Rauch da Tim Willems, suka bi bayanan katin da fasinjoji ke shiga jirgi da shi, kafin yajin da bayansa. Sun tarar cewa kusan mutum ɗaya cikin ashirin daga waɗanda aka tilasta wa sauyi bai koma tsohuwar hanyarsa ba bayan komai ya daidaita. Ma'ana, akwai mutanen da suka yi ta bin hanya mafi tsawo ko mafi wahala, alhali wadda ta fi ta tana nan kusa, ba su taɓa gwada ta ba sai da aka rufe musu ƙofa. Ɗaya daga cikin dalilan da masanan suka kawo shi ne taswirar jiragen kanta, wadda ta samo asali daga zanen Harry Beck da aka fara bugawa a 1933. Taswira ce mai sauƙin karantawa, amma ba ta nuna ainihin nisan da ke tsakanin tashoshi a doron ƙasa, don haka wurare biyu da ke kusa suna iya bayyana da nisa. An fi samun masu sauya hanya a yankunan da taswirar ta fi karkata daga gaskiya. Masanan sun ƙiyasta cewa lokacin da waɗannan 'yan kaɗan za su riƙa tsimi a gaba ya zarce wanda jama'a suka yi asara a kwana biyun.

Ya kamata a lura da ɗaya gefen lissafin, domin mutum goma sha tara cikin ashirin sun koma hanyarsu ta dā, wato mafi yawan mutane sabonsu yana kan daidai, ko aƙalla ba su ga abin da ya fi shi ba. Abin da labarin ya koya mini shi ne sabo ba ya sanar da mai shi lokacin da ya tsufa. An zaɓi hanyar ne a wani lokaci da wasu dalilai, sa'an nan birni ya sauya, aka buɗe sabon titi, cunkoso ya koma wani gefe, amma zaɓin yana nan yadda aka bar shi. Shi ya sa masu nazarin halayyar ɗan Adam, irin su Bas Verplanken, suke cewa lokacin da ya fi dacewa mutum ya sake duba yadda yake tafiya shi ne sa'ad da wani babban abu ya sauya a rayuwarsa, kamar tashi daga gida zuwa wani ko sauya wurin aiki. A 'yan makonnin farko turken bai kafu ba tukuna, kuma mutum yana sauraron bayani. Da zarar ya kafu, ko an kawo masa labarin hanya mafi sauƙi da wuya ya ji.

Akwai kuma abin da ya faru a Stockholm, wanda ya taɓa ɗaya ɓangaren gardamar tamu. A farkon 2006 aka fara gwajin karɓar harajin cunkoso daga motocin da ke shiga tsakiyar birnin ko fita daga cikinsa a lokutan aiki, kuma adadin motocin da ke ƙetare iyakar ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Aka dakatar da gwajin a ƙarshen watan Yuli, mafi yawan motocin suka dawo, sa'an nan aka mayar da harajin na dindindin a 2007. Jonas Eliasson, wanda ya jagoranci tantance sakamakon gwajin, ya ba da labarin cewa da suka nemi gano su wane ne suka daina shiga da mota da kuma inda suka koma, direbobin da kansu ba su iya faɗa ba, domin da yawansu suna ganin ba su sauya komai ba. Bayanin da ya bayar shi ne tafiye-tafiyen mutane ba su da tabbaci irin wanda muke zato. Jerin motocin da kake gani a kan gada kowace safiya yana kama da na jiya, amma mutanen da ke ciki ba duka ne na jiya ba. Wannan ya fasa fita yau, wancan ya haɗa saƙo biyu a tafiya ɗaya, wani ya jinkirta zuwa dare, kuma kowannensu ya saba yin irin haka lokaci-lokaci tun kafin a sa haraji. Harajin ya ɗan karkata waɗannan ƙananan shawarwari ne zuwa gefe guda, kuma da yake sauyin ya ɓuya a cikin sauye-sauyen da aka saba da su, mai shi bai gan shi ba.

A ganina wannan shi ne wurin da tunaninmu game da kanmu yake yawan kuskure ta fuska biyu. Idan aka tambaye mu wuraren da muke zuwa, mukan zaci suna da yawa, domin tafiyar da ba a saba ba ita ce ke zama a ƙwaƙwalwa, zuwa aiki sau ɗari kuwa yakan narke ya zama kamar sau ɗaya. Idan kuma aka tambaye mu yadda muke zuwa aiki, mukan ba da amsa guda, mu ce kullum ta hanya kaza da ƙarfe kaza, mu manta da ranakun da aka rage mana hanya, da waɗanda muka makara, da waɗanda ba mu je ba. Littafina ya kama ni a duka biyun. Na yi imani ina fita a lokaci ɗaya kowace safiya, sai ga shi lokutan sun warwatsu fiye da yadda zan yarda da wani ne ya faɗa mini. Na kuma ɗauka ina yawan zuwa sababbin wurare, sai ga shi yawancin sababbin wani ne ya ja ni, ko larura ta kai ni, kuma kusan dukansu suna gefen hanyar da ke tsakanin gida da aiki.

Mutane ma ba ɗaya suke ba a wannan fanni. Luca Pappalardo da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa ana iya raba matafiya gida biyu, masu yawan komawa, waɗanda wurare biyu ko uku suka bayyana kusan dukkan faɗin yawonsu, da masu yawan leƙe-leƙe, waɗanda yawonsu ya wuce abin da manyan wurarensu za su nuna. Amma ba na son a ɗauki wannan a matsayin hali kawai, kamar wani jarumi ne wani kuma matsoraci. Wanda ba shi da abin hawa, ko mai aiki biyu, ko mai kula da ƙananan yara ko tsofaffi, igiyarsa gajera ce ko da zuciyarsa tana son yawo. Akwai kuma wanda ranakunsa ba sa kama da juna don dole, kamar mai aikin da ba a san inda za a kira shi gobe ba, wanda da zai sami yini ɗaya da ke maimaita kansa da ya gode. Yawan sauyi a zirga-zirgar mutum yana iya zama alamar wadata, yana kuma iya zama alamar rashin tabbas, kuma alƙaluman waya ba su san bambancin ba.

Bayan na rufe littafin na yi wa kaina ƙaramin yajin aiki irin na Landan, na hana kaina bin hanyar da na saba har tsawon mako guda. Hanyoyi biyu da na gwada sun fi tawa muni, ɗaya ma ta sa na makara. Ta uku ta fi sauri da safe da 'yan mintoci, amma da yamma cunkosonta ya fi ƙarfina, don haka yanzu ita nake bi wajen tafiya, in dawo ta tsohuwar. A gefenta na ga wani kanti da ban san da shi ba, na fara tsayawa, kuma sai a makon jiya na lura cewa ɗaya daga cikin tsofaffin kantunan da ke cikin littafin nan na yi fiye da wata ban shiga ba.